Yadda Ake Koyar da Kaɗawar Dokin Ƙofa a Makarantar Ƙauye, Ko Babu Ɗakin Gwaji

Duk shekara, idan manhaja ta kawo mu babin haske da ilektiron, wato yadda haske ke fitar da ilektiron daga jikin ƙarfe, nakan yi wa 'yan aji shida tambaya guda kafin in ɗauki alli: an haska jar fitila a kan ƙarfe, ko ilektiron ɗaya bai fita ba, me za a yi? Amsar ba ta sauyawa. "Malam, a ƙaro fitilu." Amsa ce ta mai hankali, don haka muka saba gani a gida: tukunya ta ƙi tafasa, a ƙara itace. Manyan masanan Turai ma haka suka zata har farkon ƙarni na 20. Sai dai a nan ba haka abin yake ba. Ko fitila dubu ka jera, in dai launin hasken bai kai ba, ilektiron yana nan inda yake.

Makarantarmu tana wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, ba mu da kayan gwajin da littafi ya zana. Abin da zan bayyana shi ne yadda nake bi da ɗalibai har su ga wannan gaskiya da idonsu, sannan su iya lissafinta a WAEC da NECO da JAMB. Malami ɗan'uwana zai iya ɗauka, ɗalibi ma zai iya bi shi kaɗai.

Mataki na 1: A daidaita kalmomi

Kada ka fara da lissafi. Ka fara da rediyo. Tambaye su abin da 99.5 ke nufi a jikin akwatin. Yana nufin saƙon tashar yana kaɗawa sau miliyan 99.5 a cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan shi ne yawan kaɗawa, abin da takardar jarrabawa ke kira firikwansi, alamarsa f, ma'auninsa Hz. Dattawan da ke sauraron labarai a gajeren zango kuwa sun riga sun san ɗaya kalmar: tsawon zango, alamarsa λ. Idan kaɗawa ta yi yawa zango yakan gajarta, domin in ka ninka su biyun, gudun haske kake samu kullum: c = fλ, wato mita 3.0 × 10⁸ a daƙiƙa.

Haske ɗan gidan su saƙon rediyo ne, kaɗawarsa ce kawai ta yi nisa. Bakan gizo ya jera mana su: ja ne mafi ƙarancin kaɗawa, kusan 4.3 × 10¹⁴ Hz, zangonsa nanomita 700 (nanomita ɗaya ita ce mita 10⁻⁹). Shunayya ce mafi yawan kaɗawa, kusan 7.5 × 10¹⁴ Hz, nanomita 400. Ƙasa da ja akwai infirared, sama da shunayya akwai alturabayolet, duka biyun ido ba ya ganinsu.

Kowane ƙarfe yana da wata kaɗawa mafi ƙaranci da haske zai kai kafin ya iya ɓamɓaro ilektiron daga jikinsa. Turanci ya kira ta tireshol firikwansi. Ni nakan ce kaɗawar dokin ƙofa, f₀, domin dokin ƙofa ne ke raba ciki da waje: ko ka tsallaka, ko kana ciki.

Mataki na 2: A je bakin rijiya

Nan nake daɗewa, don in wannan ya zauna, saura duk sauƙi ne.

Ka ce musu su ɗauki rijiyar unguwa mai zurfin gaba goma. Yarinya ta zo da guga, igiyarta gaba tara. Za ta sami ruwa? A'a. 'Yan mata ɗari suka zo, kowace da igiya gaba tara, kuma sharaɗin shi ne ba a ƙulla igiya da igiya. Ruwa nawa za a ɗebo? Ko ɗigo. Su wuni a wurin, sakamakon ɗaya ne. Sai ga wata ta zo ita kaɗai da igiya gaba goma sha biyu. Nan take gugarta ta taɓa ruwa, har da rarar gaba biyu a hannunta.

Yanzu sai ka ɗora kowane abu a mazauninsa. Ruwan shi ne ilektiron. Zurfin rijiya shi ne kuzarin da ake bukata a ciro shi daga ƙarfe, alamarsa W, wanda littafi ke kira wok fankshin. Ni nakan ce kuzarin ɓamɓarewa. Kowace igiya ƙwayar haske ce guda, wato foton, tsawonta kuma shi ne kuzarin ƙwayar, E = hf, inda h lamba ce da ba ta sauyawa, ana kiranta lambar Planck. Yawan 'yan matan shi ne tsananin hasken. Rarar igiya ita ce kuzarin gudu da ilektiron ke fita da shi. Igiyar da ta yi daidai da gaba goma cif, ita ce f₀.

Daga nan ɗalibai da kansu za su fitar maka da dokokin da ake tambaya. Ƙasa da f₀ ba abin da ke fita, komai tsananin haske. Sama da f₀, ƙara haske yana ƙara yawan ilektiron da ke fita, amma ba ya ƙara musu gudu. Guga da yawa ne, rarar igiyar kowa tana nan yadda take. Ƙara kaɗawa shi ke ƙara gudu. Ba a kuma jira: haske na sauka, ilektiron na fita. Rijiyoyi kuwa ba zurfinsu ɗaya ba, ta fadama daban, ta tudu daban. Da eV, wato ilektiron-bolt, ƙaramin ma'aunin kuzari, ake auna W: sisiyam kusan 2.1 eV ne, sodiyam da fotasiyam kusan 2.3 eV, tutiya 4.3 eV, tagulla kusan 4.7 eV.

Wata shekara wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to me ya hana a ƙulla igiyoyin?" Tambayar da ta fi kowace kyau ke nan a babin. Ilektiron ɗaya da foton ɗaya suke cinikinsu: ko ya karɓi kuzarin ƙwayar dukansa, ko bai karɓa ba. In abin da ya karɓa bai isa fita ba, kafin wata ƙwayar ta same shi ya riga ya zubar da kuzarin a cikin ƙarfen, ya zama ɗumi. Sai da leza mai tsananin ƙarfi ake samun ƙwayoyi biyu su afka wa ilektiron ɗaya a lokaci guda, wannan kuma ya wuce karatun sakandare.

Mataki na 3: A tara kaya

Je wurin mai gyaran rediyo ko waya a kasuwar da ke ci kusa da ku. In ba a samu ba, a ba wa mai zuwa Kano sautu, a Sabon Gari ba a rasawa. Ana bukatar ƙananan ƙwayayen fitila na LED masu ƙafa biyu: ja kamar shida, kore biyu, shuɗi biyu. Ka dage a ba ka masu farin gilashi garai, waɗanda sai an kunna ake sanin launinsu, domin mai rinannen gilashi yana tace haske, ya ɓata gwajin. Sai batir ɗin nan mai kamar kwabo na bolt 3, guda uku ko huɗu, mitar awon wuta mai nuna lamba, irin ta masu gyara, ko da aro ce, baƙin salatif, bututun biro da aka cire wa tawada, rimot na talabijin, da wayar hannu mai kyamara. In an sami 'yar tocilan ɗin da 'yan kasuwa ke duba jabun kuɗi da ita, a haɗa.

Mataki na 4: Gwajin ƙwai da ƙwai

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ƙwan LED yana aiki gaba da baya. Ka ba shi wuta ya ba ka haske. Ka ba shi haske ya ba ka 'yar wuta. Amma ba kowane haske yake karɓa ba, yana da nasa dokin ƙofar.

Juya mita zuwa awon bolt na wutar batir, a kan 2 ko 2000m. Ɗauki shuɗin ƙwai, ka naɗe doguwar ƙafarsa a jan tsinken mita, gajeriyar a baƙin. Wannan shi ne mai karɓa, ba a haɗa shi da batir. Yanke bututun biro kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, ka naɗe shi da baƙin salatif, ka cusa kan ƙwan a ciki. A rufe tagogi, ko a yi aikin cikin kwali, domin hasken rana yana ɗauke da dukkan launuka, zai sa mita ta yi ta motsi. Tabbatar tana nuna sifili ko dab da shi.

Yanzu ɗauki jan ƙwai, ka matse batir tsakanin ƙafafunsa, doguwar ƙafa a gefen da ke da alamar +. Ya kama. Cusa shi ta ɗaya bakin bututun, su yi hanci da hanci. A duba mita. Ba ta motsa ba. A nan nake tsayawa in ce, "To, ku ƙaro fitilun da kuka ce." Su cire bututun, su kunna ja uku, huɗu, su kewaye shuɗin ƙwan da su a cikin duhu har fuskokinsu su yi ja. Mita tana nan shiru. Sai ka cire su duka, ka kawo shuɗi guda ɗaya tak. Lamba ta tashi. Ka kawo tocilan ɗin duba kuɗi, wadda haskenta a ido bai kai na jan ƙwai ɗaya ba, lambar ta tashi sosai. Ka bar ajin ya yi hayaniyarsa, sun cancanta.

Sai a juya. A mai da jan ƙwai mai karɓa, a haska masa ja, sannan kore, sannan shuɗi. Rijiyarsa ba zurfi, saboda haka zai amsa wa launukan da shuɗin ya ƙi. A rubuta komai a allo: wane ne mai karɓa, wane ne mai haskawa, mita ta motsa ko ba ta motsa ba. Kada a damu da girman lambar, yana bambanta daga ƙwai zuwa ƙwai da kuma irin mitar. Farar tocila kada ta shigo cikin gwajin, don farin LED shuɗi ne a asalinsa, an shafa masa sinadarin da ke ƙara sauran launuka.

Wajibi ne ka gaya wa ɗalibai gaskiya guda: a cikin ƙwan LED ilektiron ba ya fita sarari kamar yadda yake fita daga farantin ƙarfe, tsallakawa yake yi daga wani mataki zuwa wani a cikin ƙwan. Amma ƙa'idar ɗaya ce, foton ɗaya, ilektiron ɗaya, da kuzarin da dole a kai.

Mataki na 5: Rimot, waya da sola

Wannan minti biyar ne. A danna rimot a gaban ido, ba a ga komai. A danna shi a gaban kyamarar waya, sai ga haske yana ƙyaftawa. In kyamarar baya ta ƙi nunawa, a gwada ta gaba. Rimot yana fitar da infirared mai zango kusan nanomita 940. Idon kyamara da silikon aka yi shi, shi kuwa silikon kusan 1.1 eV yake nema, wato duk hasken da zangonsa ya gaza nanomita 1100 ya ishe shi.

Da wannan silikon ɗin aka yi farantan solar da ke kan rijiyar burtsatse da rumfar mai cajin waya. Mutanenmu da yawa sun ɗauka zafin rana ne ke ba da wutar. Ka ɗora dutsen guga mai zafi kusa da faranti a cikin duhu, ba za ka sami komai ba, domin hucinsa infirared ne mai dogon zango, ƙasa da dokin ƙofar silikon. Hasali ma zafi rage wa faranti aiki yake yi. Abin da ya fi bukata shi ne a riƙa share masa ƙura.

Mataki na 6: Gwajin asali, ga wanda ya sami hali

Lokacin hunturu ya fi dacewa, saboda busasshiyar iska ba ta satar caji. Huda murfin roba na kwalba, ka zura wayar tagulla, ka lanƙwasa ƙarshenta na ciki, ka rataya siraran ganye biyu na takardar alminiyom. A sama ka ɗaura guntun kwanon rufi, wanda tutiya ce aka shafe shi da ita, ka goge fuskarsa da sanfefa mai laushi dab da fara gwajin, ba tare da ka cinye shafen ba. Goga bututun roba na ruwa da ulu ko gashin kai, ka shafa shi a kwanon. Ganyen za su buɗe, alamar ilektiron sun yi yawa. Haska kowace tocila, har da ta duba kuɗi, ba za su rufe ba, don ƙwayar haskenta ba ta wuce 3.4 eV ba, tutiya kuwa 4.3 take nema. Fitilar kashe ƙwayoyin cuta mai zango nanomita 254 ce ke kaiwa, kusan 4.9 eV, ana haska ta ganyen ke faɗuwa. A sa gilashin taga a tsakani, su daina faɗuwa, don gilashi na tare wannan hasken.

Ina roƙonka, kada ka bar yara su riƙe wannan fitila, kada kowa ya kalle ta, kada ta haska fata. Irin haskenta ne ke sa masu walda kwana da ciwon ido. In ba ka da tabarau na kariya, ka tsaya a kan gwajin ƙwai, ya wadatar.

Mataki na 7: Sai labarin mutanen

Bayan sun gani nake ba da tarihi, a lokacin yana da daɗin ji. A 1887 Heinrich Hertz, a Jamus, ya lura tartsatsin wuta ya fi saurin tsallaka tsakanin ƙarafa biyu idan alturabayolet ya sauka a kansu. A 1888 Wilhelm Hallwachs ya yi gwajin farantin tutiya da muka kwaikwaya. J. J. Thomson na Ingila ya gano ilektiron a 1897, a 1899 ya nuna su ne ke fita daga ƙarfen. A 1902 Philipp Lenard ya auna ya ga ƙara haske ba ya ƙara musu gudu. Nan aka tsaya cirko-cirko, domin ilimin lokacin ya ɗauki haske tamkar raƙumin ruwa, mai zuba kuzarinsa a hankali har ya taru.

Kafin nan, a watan Disamba na 1900, Max Planck yana neman bayanin hasken da abu mai zafi ke fitarwa, sai lissafi ya tilasta masa ya ɗauka cewa kuzari ƙulli-ƙulli ake musayarsa, kowane ƙulli hf. Shi kansa bai ce haske ƙwayoyi ne ba. Albert Einstein ne ya faɗi haka a 1905, yana ɗan shekara 26, yana aikin duba takardun ƙirƙire-ƙirƙire a wani ofishi a birnin Bern na Suwizalan. Kusan ba wanda ya yarda. Robert Millikan na Jami'ar Shikago a Amurka ya shafe shekaru yana gwaji da sodiyam da litiyam, yana kankare fuskarsu da wuƙa a cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska, alhali bai gamsu da batun ƙwayoyin ba. Sakamakon da ya wallafa a 1916 ya bi lissafin Einstein sau da ƙafa, ya kuma ba shi h = 6.57 × 10⁻³⁴, dab da 6.63 × 10⁻³⁴ J s da muke amfani da shi. Ina ganin girman mutumin nan ƙwarai: awo ya saɓa wa zuciyarsa, ya rubuta abin da awo ya nuna. Kyautar Nobel ta 1921 da aka ba Einstein saboda wannan doka ce, Millikan ya karɓi tasa a 1923. Sunan foton kuwa sai a 1926 ya shigo.

Mataki na 8: Lissafi

Doka ɗaya ce: hf = W + K, inda K shi ne mafi girman kuzarin gudu. An ce mafi girma ne domin ilektiron da ke can ciki yakan yi asarar wani abu a hanya. A dokin ƙofa K sifili ne, saboda haka W = hf₀, wato f₀ = W/h.

Ga tambaya: W na sodiyam 2.3 eV ne, nemo f₀ da λ₀.

Da farko mai da eV zuwa jul. A nan rabin ɗalibai ke faɗuwa. 1 eV = 1.6 × 10⁻¹⁹ J, don haka W = 2.3 × 1.6 × 10⁻¹⁹ = 3.68 × 10⁻¹⁹ J. Raba da h: f₀ = 3.68 × 10⁻¹⁹ ÷ 6.63 × 10⁻³⁴ = 5.55 × 10¹⁴ Hz. Ka raba lambobin daban, 3.68 ÷ 6.63 = 0.555, ka yi na goma-goman daban, −19 a cire −34 ya ba da +15, sai ka gyara wurin ɗigo. Sannan λ₀ = c/f₀ = 5.4 × 10⁻⁷ m, nanomita 540, wato kore. Ma'ana ja ba zai taɓa sodiyam ba, shuɗi zai taɓa.

Aka haska masa shunayya mai nanomita 400 fa? f = 7.5 × 10¹⁴ Hz, ya wuce f₀, za su fita. E = hf = 4.97 × 10⁻¹⁹ J. Cire W, saura K = 1.29 × 10⁻¹⁹ J, kusan 0.8 eV. Boltin da zai tsayar da su cak shi ne K ÷ e (e shi ne cajin ilektiron), bolt 0.8. In an nemi gudu, K = ½mv², da nauyin ilektiron m = 9.11 × 10⁻³¹ kg, ya ba da kusan 5.3 × 10⁵ m/s.

Ba su tutiya su yi da kansu. Amsar ita ce 1.04 × 10¹⁵ Hz da kusan nanomita 290. Daga nan ka tambaye su ko jar fitila mai wat 1000 za ta fitar da ilektiron daga tutiya. Wanda ya ce a'a ba tare da ya taɓa kalkuleta ba, ya gane.

Koya musu duba amsa. f₀ na ƙarafa a matakin 10¹⁴ ko 10¹⁵ yake. Wanda ya ga 10³³ ya manta mai da eV zuwa jul. Kuma su kiyaye: kaɗawa wuce f₀ ake so ta yi, zango kuwa gaza λ₀ ake so ya yi. Masu tsara tambayoyin JAMB suna son wannan tarkon. Gajeriyar hanya ga mai sauri: raba 1240 da zango a nanomita, ka sami kuzari a eV; 1240 ÷ 400 = 3.1.

Mataki na 9: Zanen layi

Ba su takardar giraf da waɗannan lambobi, waɗanda na lissafo daga W na sodiyam don atisaye: a 6.0 × 10¹⁴ Hz boltin tsayarwa 0.19, a 7.0 × 10¹⁴, 0.60, a 8.0 × 10¹⁴, 1.01. Kaɗawa a layin kwance, bolt a na tsaye. Ɗigogin uku za su jeru a miƙe. A ja layin ƙasa da rula har ya yanki layin kwance. Inda ya yanka, kusa da 5.5 × 10¹⁴, shi ne f₀. Gangaren layin 0.82 ÷ (2.0 × 10¹⁴) ne, wato 4.1 × 10⁻¹⁵, a ninka shi da e, wato 1.6 × 10⁻¹⁹, ya ba da 6.6 × 10⁻³⁴. Sun fitar da lambar Planck da rula da fensir, ta hanyar da Millikan ya bi.

Aikin gida kuma, su zana layin tutiya a kan takardar nan, bayan sun faɗaɗa ma'aunin kwance ya kai 14 × 10¹⁴. Zai fara daga 10.4 × 10¹⁴, can dama, ya tashi kafaɗa da kafaɗa da na sodiyam ba tare da sun haɗu ba, domin h ɗaya ce ga kowane ƙarfe, W ne kawai ya bambanta. Idan an tashi, a cire batura daga ƙwayayen, a naɗe kowane batir daban da salatif don kada su taɓa juna su ƙare, a ajiye su inda ƙananan yara ba za su kai ba, domin haɗiye irin wannan batir yana da haɗari ƙwarai. Mitar kuma a mayar wa mai ita a ranar.